Ashar Da Ganuwarta: Waiwaye Daga Ƙofar Ɗan Agundi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin dattawan birnin Kano, watau wai ashar ta yi yawa, bakin jama'a ya lalace, abin da a da sai an je bariki ake jinsa yanzu ga shi har cikin soron gida. Ni ban musa masu ba. A unguwar Ɗan Agundi aka haife ni, kuma ta bakin ƙofar nan nake fita kusan kullum in hau titin da ya nufi jami'a, saboda haka kunnena ya sha abin da ya sha daga direbobi da 'yan kamasho da yara 'yan makaranta. Inda nake da ja shi ne inda suke cewa wai da can babu ashar a ƙasar Hausa, baƙuwa ce zamani ya kawo ta. Wannan kam tarihi bai goyi bayansa ba. Abin da nake so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu shi ne, ashar daɗaɗɗiya ce, sai dai a da tana da ganuwa tana da ƙofofi: an san mai yin ta, an san wanda ake yi wa, an san wuri, an san lokaci. Ganuwar ce ta zube, kuma ba rana ɗaya ta zube ba.

Bari in fara da ƙofar kanta, tun da da ita zan yi awo. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) shi ya fara ginin ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma ya faɗaɗa ta, kuma masu binciken ganuwa suna lissafa Ƙofar Ɗan Agundi cikin ƙofofin da aka samu a wannan faɗaɗawa. Tana kudancin birni, tsakanin Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa. A da kowace ƙofa tana da sarkinta da ƙyaurenta, a rufe da dare a buɗe da safe. Ganuwa ba ta hana kowa shiga birni ba, abin da ta yi shi ne ta tilasta wa mai shiga ya bi ta inda za a gan shi a san da zuwansa. Yau babu ƙyaure, badala ta zaizaye, gine-gine sun cinye wani sashe nata, mota na wucewa dare da rana ba mai tambayarta daga ina.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tsefe kalmomin, don Hausa ba ta zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Zagi shi ne duk maganar da aka jefi mutum da ita don a ƙasƙanta shi, ko da "wawa" ce ko "sakarai". Ashar zagi ce wadda ta taɓa iyaye, musamman uwa, ta kuma kira al'aura da sunanta. Batsa ita ce zancen tsiraici da saduwa ko da ba a zagi kowa ba. Tsinuwa kuwa muguwar addu'a ce. Sa'an nan ga zambo, ga habaici, ga gatse, ga gugar zana, waɗanda duk suka ne amma ba a zare wuƙar gaba ɗaya ba. Har hannu yana da tasa ashar, watau daƙuwa, a ware yatsu biyar a fuskar mutum ba tare da an ce uffan ba. Harshen da ya yi wa abu sunaye masu yawa haka, ya daɗe yana zaune da abin. Wanda yake son shaida a rubuce ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949, zai tarar da kalmomin da ba zan iya sa su a mujallar nan ba, an jera su an yi masu fassara tun kafin a haifi dattawan da ke kuka da mu.

To, mene ne nauyin ashar a wancan zamani? A nan sai mu koma soron malam. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda har gobe ake karantawa a makarantun zaure na cikin birni, ya san babin ƙazafi. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Mazhabar Malikiyya kuma ta sa wanda ya kore wa mutum ubansa cikin wannan hukunci, har ma wanda ya yi jirwaye mai kamar wanka, matuƙar an gane inda ya nufa. Watau ke nan kalmar "shege", idan aka ɗauke ta a ma'anarta ta asali, ba zagin wasa ba ce, tuhuma ce a kan uwar mutum, kuma alƙali yana da ikon sa a shimfiɗe mai faɗinta. Ga kuma hadisin nan sananne da ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, ya bayyana cewa mutum yakan zagi iyayensa ne ta hanyar zagin na wani, shi kuma ya rama. Dalilin nauyin a fili yake. A garin da gado da aure da sarauta da limanci duk suke tafiya a kan asali, wanda ya taɓa uwar mutum ya taɓa gidansa da gonarsa da wadda zai aura.

Amma duk da wannan nauyi, al'adar ba ta toshe bakin mutane ba, ƙofofi ta buɗe masu. Ƙofa ta farko ita ce wasan dangantaka. Taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, suna faɗa wa juna abin da in wani ne ya faɗa sai an raba su da ƙyar. Jika yana kiran kakarsa matarsa, ya ce ta tsufa ya sake ta, ita kuma ta mayar masa da wadda ta fi. Bakano da Bazazzage, Bagobiri da Bayarabe, Bafillace da Babarbare, maƙeri da Buzu, kowa ya san abokin wasansa, kuma a watan Muharram ana bin juna kuɗin shara. Mu Kanawa mun daɗe muna ɗora wa Katsinawa laifin ashar, muna cewa ita ce sallamarsu, ko da yake wanda ya tsaya minti goma a bakin ƙofarmu da yamma zai ce a sake duba shari'ar. Abin lura a wannan wasa shi ne ba a yin sa da baƙon ido, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Ƙofa ta biyu ta masu sana'a ce. Wawan sarki yana faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba. Nalako, sarkin gwagwaren Kano, yana fitowa da azumi ya bi gwauraye gida gida ya yi masu tsiya a gaban unguwa, da salla ta zo kuma magana ta ƙare sai baɗi. 'Yan gambara suna shiga kasuwa da gangarsu suna zuba batsa ƙarara, wani ya ba su kuɗi don su ƙara, wani ya ba su don su matsa daga bakin rumfarsa. Maroƙi yana da zambo a aljihu don marowaci. Mutane suna dariya, amma ba wanda ya ɗauki waɗannan bayin Allah abin koyi, hasali ma da yawa ba sa ba su aure. Al'umma ta ba su lasisin baki, ta karɓi farashinsa daga darajarsu.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi ba ni sha'awa, ta mata ce. Matar da ba ta iya faɗin sunan mijinta, ba ta kiran ɗanta na fari, take sunkuyar da kai in surukinta ya shigo, ita ce ranar biki ko suna za a kife ƙwarya a tsakar gida a kama kiɗan amada, ta shiga fili ta rera abin da zai sa gardi ya toshe kunne. Wanda bai san Hausawa ba sai ya ce munafunci ne. Ni a ganina ba haka ba ne. Kunya a wurin Bahaushe ba jahiltar abu ba ce, sanin gaban wanda ake faɗinsa ne. A tsakar gidan nan babu namiji baligi, kuma abin da aka rera amarya tana ɗaukar darasi daga cikinsa wanda uwarta ba za ta iya zaunar da ita ta faɗa mata ba. Kakata takan ce mana, in aka fara kiɗan ƙwarya a zamaninsu har yara maza masu wayo korar su ake yi zuwa soro, a sa wata tsohuwa a bakin ƙofa. Ga sarkin ƙofa nan ke nan.

Ita ganuwar ƙasa ma ta yi nata aikin bayan zuwan Turawa a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a waje don baƙi, Fagge ta cika da fatake da 'yan ci-rani. Giya da gidajen mata masu zaman kansu da kiɗan dare duk aka bar su a waje, har kalmar "ɗan bariki" ta zama sunan wanda idonsa ya buɗe bakinsa kuma ya saki. Ba wai mutanen birni ba sa zuwa can ba ne, suna zuwa sarai, amma sukan karkaɗe rigarsu kafin su shigo ta ƙofa. Shi ya sa da aka buɗe sinimar Palace a cikin birni, wajen Jakara, a 1952, sai da aka kai ruwa rana da malamai da mutanen gari. Ba hoton kaɗai suke gudu ba, taron da ke biyo hoton suke gudu, da irin bakin da taron ke zuwa da shi.

A nawa lissafin, siyasar jam'iyyu ce ta fara fasa ganuwar da gaske. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta tsaya gaba da gaba da NPC da hukumar En'e. Nan take zagi ya bar tsakanin abokan wasa ya hau dandalin lacca. Mawaƙan kowane ɓangare suka wasa alƙalami da baki, wannan ya kira wancan ɗan iska mara asali, wancan ya kira wannan azzalumi ɗan koren Nasara, yara suna haddacewa suna rerawa a lungu. A karo na farko aka samu zagin da ba wasa ba ne, ba kuma sana'ar da ake rainawa ba ce, aiki ne da ake tafa wa mai yin sa a ce ya yi jarumtaka. Sai dai ba a auna ɓangarorin biyu da mudu ɗaya ba. Kotunan alƙalai suna hannun En'e, kuma 'yan NEPU da yawa sun sha bulala da ɗauri a kan laifin zagin sarki ko hakimi, wani lokaci a kan maganar da ba ta wuce ambaton zalunci ba. Da aka kawo dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, sashe na 399 ya tanadi hukunci ga wanda ya zagi wani da nufin tunzura shi ya ta da hankali. A takarda kowa da kowa ta kare. A aikace kuwa, wanda yake da ƙafar zuwa kotu da bakin da za a saurara shi ta fi karewa.

Wani abin da ya faru a jamhuriya ta biyu ya ƙara nuna cewa nauyin magana ba a cikin kalmar yake ba, a inda ta dosa yake. A watan Yuli na 1981 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma, ta nemi amsa cikin sa'o'i 48. Babu ashar ko ɗaya a takardar, amma jama'a da yawa sun ɗauke ta cin mutunci. Ranar 10 ga wata gari ya kama da wuta, aka ƙona gine-ginen gwamnati har da gidan rediyo, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A shekarun nan ne kuma PRP ta rabe santsi da taɓo, 'yan gida ɗaya suka riƙa yi wa juna tonon silili a bainar jama'a, abin da ya saba wa kunnen matasa da cewa babba ma ana iya kwance masa zani a kasuwa.

Abin da siyasa ta fara, na'ura ce ta ƙarasa shi. Garmaho da faifai sun riga, amma tsadarsu ta taƙaita su, gidajen rediyon gwamnati kuma suna tace abin da suke sawa. Kaset ne ya canza lissafi a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya sa rikoda ta shiga hannun tela da direba da mai shayi. Dubi Alhaji Mamman Shata (1923–1999). Yana da waƙoƙin sarakuna da na noma da na gargaɗi, yana kuma da irin su "Gagarabadau", waɗanda a dandalin dare ya yi su, gaban manya waɗanda suka zo da ƙafarsu suka san abin da suka zo ji. Kaset ya kwashe su ya kai su shagon ɗinki da rana tsaka, yaro ɗan aike yana tsaye yana jiran a sa masa maɓalli. Haka Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta fito da amada daga tsakar gida ta kai ta zauren taro da akwatin talabijin, maza suna zaune a sahun gaba suna liƙi. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu, gwanaye ne waɗanda harshen Hausa zai daɗe bai yi kamarsu ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ba ta yi kuskure ba da ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Abin da nake nunawa shi ne, waƙar ba ta sake ba, masu sauraron ne suka sake. Rikoda ba ta san ta kori yara zuwa soro ba.

Masu wasan kwaikwayo na talabijin na wancan lokaci, irin su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, sun yi zagi iyakar zagi, amma na "wawa" da "gara" da Hausar barikin soja, don sun san gida guda ke zaune gaban akwatin. Da finafinan bidiyo suka fara da Turmin Danya a 1990, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kaset, sai 'yan camama suka gane cewa daƙuwa da "ubanka" suna saurin kawo dariya fiye da barkwancin da aka zauna aka tsara. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnati ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, watau ta naɗa sabon sarkin ƙofa. Aka ƙara ɗaure igiya a 2007, bayan wani hoton tsiraici da ya fita daga wayar hannu: aka dakatar da shirya fim na watanni, har marigayi Rabilu Musa Ibro sai da ya shiga gidan yari a 2008. A 2009 wata kotun majistare ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda, wai don batsa da tunzura jama'a. Abin mamaki, cikinsu har da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da abokansa, wadda addu'a ce a kan masu takura wa mawaƙa, babu batsa a cikinta ko ta ƙwayar zarra. Haramcin kuwa talla ya zame masu, don ta Bluetooth suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya, babu shagon da za a rufe. An naɗa sarkin ƙofa bayan ganuwa ta riga ta kwanta.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai abin ya sama. A Ingila sai da aka gurfanar da kamfanin Penguin gaban kotu a 1960 a kan wani littafin D. H. Lawrence, kotu ta wanke shi. A 1965 Kenneth Tynan ya furta wata kalma guda a talabijin na BBC, magana ta kai har majalisa. A Amurka ɗan barkwanci George Carlin ya jera kalmomi bakwai da ba a faɗa a talabijin a 1972, rigimar ta kai kotun ƙoli a 1978. Yau waɗannan kalmomi sun cika finafinansu da waƙoƙinsu, yaranmu ma sun haddace su ba tare da sun san fassararsu ba. Amma akwai bambanci da bai kamata a tsallake ba. Yawancin ashar ɗin Bature a kan jiki take da abin da jiki ke yi, in ta yi sauƙi ba wanda aka zalunta. Tamu kuwa a kan mutum na uku take sauka, wata baiwar Allah da ke zaune a ɗakinta ba ta san an yi karo a titi ba.

Yanzu mu dubi abin da yawan amfani ya yi wa kalmomin kansu, don wannan ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Kalmar da a Risala take jawo bulala 80, yau yabo ce. Yaro ya ci ƙwallo mai kyau a ce "shege!", mota ta yi kyau a ce shegiyar mota, ɗalibi ya cinye jarrabawa abokansa su ce shegen kai gare shi. "Ɗan iska" ta zama sunan da aboki ke kiran aboki. Uwa tana ce wa ɗan cikinta "don ubanka" uban yana zaune yana shan shayi bai ko ɗaga kai ba. Wani zai ce ai wannan alheri ne, dafin ya fita. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don na sha ganin direbobi biyu sun ɗura wa juna abin da a da sai an zub da jini, fitila ta ba da hannu kowa ya kama gabansa. Sai dai kalma in ta dushe, mai fushi ba ya haƙura, wadda ta fi ta kaifi yake nema. Shi ya sa ashar ɗin yau ta fi ta da tsawo da ƙazanta, ana jero uwa da uba da kaka a numfashi ɗaya, kuma in duk ba su isa ba a koma kafirta mutum ko zagin ƙabilarsa, wanda shi ne zagin da har yanzu yake iya ta da gari.

Babbar asarar a wurina ita ce ta habaici. Habaici yana bukatar kai. Sai ka san tarihin mutum, ka san karin magana, ka saƙa maganar yadda kowa zai gane amma ba mai iya kai ka gaban alƙali. Kishiya takan yi shi da sunan akuyarta ko da waƙar niƙa, makaɗin fada yakan yi wa ɗan sarki mai neman sarauta zambo ba tare da ya kama suna ba, a shekara ana tuna shi ana dariya. Ashar ba ta bukatar komai sai maƙogwaro. Duk wanda ya saurari tsofaffin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, sa'an nan ya buɗe wayarsa ya ji yadda ake faɗa a TikTok, zai ga ba tarbiyya kaɗai ta yi ƙasa ba, har da gwaninta.

Akwai wani abin dariya mai kama da kuka a nan bakin ƙofarmu. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa shirin A Daidaita Sahu don gyaran ɗabi'un jama'a, daga baya aka kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata cikin mutunci, sunan shirin ya bi su. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 sai suka mamaye gari. Yau in ka ce "adaidaita sahu" ba wanda zai tuna gyaran hali, kuma a cikinsu ne matan auren da aka kawo su dominsu suke shan ashar mafi yawa, in ba a kansu ba to a kan kunnensu, musamman a lokacin da aikin gadar sama ya cunkushe mahaɗar Ɗan Agundi. Ba na ɗora laifin duka a kan direban. Mutumin da ya fito tun asuba da balas a wuyansa, ga zafi ga tsadar mai, bakinsa ne kaɗai abin da yake da iko da shi. Amma dattijuwar da ke bayansa ita ma ba ta da inda za ta kai ƙara.

Ta fuskar siyasa kuwa, abin da 'yan NEPU da NPC suka yi don aƙida yanzu ya zama aikin albashi. Tun da aka buɗe Freedom Radio a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano, aka samu sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili su kare ubangida su yagi abokin hamayyarsa. A rediyo suna taka-tsantsan da kalma don tsoron hukuma, magoya bayansu ne ke ƙarasa sauran a Facebook. A TikTok kuma ashar ta zama jari, don wanda ya fi sakin baki shi ya fi tara mabiya, mai mabiya kuma shi 'yan kasuwa ke nema ya yi masu talla. Ɗan gambara na da ya sayar da darajarsa ya sayi lasisin bakinsa, na yau kuwa ana gayyatarsa buɗe shago a ba shi kujerar gaba.

Hukuma ba ta daina kamu ba, Hisba da kotuna suna yi lokaci lokaci. Sai dai in mutum ya bi shari'un da suka yi ƙara zai ga tsohon mudun nan na zamanin En'e bai ɓace ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Ba uwar kowa suka zaga ba. Gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, suka taɓa.